Wai wane ne Delamere, kuma me ya sa ba mu da irinsa a Kaduna?

Baban Hafsat (Kawo):

Assalamu alaikum. Tun da na dawo daga Kenya watan jiya wata tambaya ta tsaya min a rai, na kuma san zauren nan ba a rasa masana tarihi.

Ni kiwo nake yi, irin na ƙarfin hali. Da na ajiye aikin gwamnati, kuɗin sallamata na zuba a wani fili eka 6 can bayan Birnin Yero, hanyar Zariya. Shanu 14 gare ni, tara farare irin namu, biyar 'yan barbarar Firiziyan. Da damina nakan tatsi lita 40 a rana duka-duka, da rani kuwa kada ma a yi maganar. Abin da ya fi cin kuɗina bayan dusa shi ne wayar shinge, don sau uku ana datse min ita ta kusurwar gabas. Ƙungiyarmu ta masu nono ce ta haɗa mana tafiyar, mu takwas, mu je mu ga yadda suke yi a can.

Ran da muka bar Nairobi za mu Nakuru, direba ya tsaya da mu a Naivasha, wani shago a bakin titi. Na sayi yogot, sunan Delamere ne a jikin robar. Kauri kamar kindirmon da ya kwana a ƙwarya. Muka ci gaba, bayan mun wuce Gilgil sai ga wani tafki a hagu, Elmenteita, jakunan dawa na kiwo ba mai korarsu. Na tambayi direba ko gandun gwamnati ne. Ya miƙa hannu ta taga ya ce daga bakin ruwan can har duwatsun da nake hange gonar gida ɗaya ce, Soysambu, ta zuri'ar mai sunan da ke jikin robar da ke hannuna. Sai ya ja tsaki ya ƙara muryar rediyo. Ban sake tambayarsa ba.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya burge ni. Wanda ya san wahalar riƙe saniya ɗaya daga Janairu zuwa Mayu dole ya jinjina wa gidan da ya riƙe gona sama da shekara ɗari. Amma tsakin direban nan bai bar ni na yi barci ba.

Kakana lebura ne na jirgin ƙasa, daga wajen Maƙarfi ya zo Kaduna yana saurayi. Mun sha labarin Turawa a bakinsa: Razdan, Di'o, Joji, Baturen gona, Baturen shanu, Baturen auduga. Kowanne yakan yi shekarunsa ya ɗaure akwati ya tafi. Ban taɓa jin ya ambaci Baturen da ya yanki gonar kansa a ƙasar Zazzau, ya haifi 'ya'ya a kai, aka binne shi a ciki ba. To wane ne wannan Delamere ɗin? Kuma Ingilishi ɗaya ne suka mulke mu da Kenya a lokaci guda, me ya hana su yi mana haka?

Tsohon Malamin Tarihi (Unguwar Sarki):

Wa alaikumus salam Alhaji, barka da dawowa, ya gajiyar hanya? Ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Bari in ɗauki rabin farko, na biyun akwai waɗanda suka fi ni.

Sunansa Hugh Cholmondeley. Delamere sarautar gidansu ce, shi ne na uku da ya riƙe ta. An haife shi a 1870, mahaifinsa ya rasu yana da shekara 17, ya gaji sarauta da wani katafaren gida da filaye da ake kira Vale Royal a yankin Cheshire na Ingila. Ba noma ne ya kawo shi Afirka ba, farauta ce. Tun 1891 yake zuwa ƙasar Somaliya harbin zaki, har wani zaki ya turmushe shi a 1894, Basomalen da ke riƙe masa bindiga ne ya cece shi. Da ɗingishi ya ƙarasa rayuwarsa. A 1897 ya ratso daga Somaliya da ayarin raƙuma ya ɓullo tuddan Kenya, ya ga ciyawa shar da sanyi irin na garinsu. Daga nan zuciyarsa ba ta koma gida ba.

Ya zo a kan gaɓa. Ingila ta kashe miliyoyin fam wajen shimfiɗa dogo daga Mombasa zuwa tafkin Victoria, an gama a 1901, ga jirgi ba kayan ɗauka. Kwamishinan lokacin, Charles Eliot, ya ga mafita ita ce a kawo Turawa su yi noma don jirgi ya sami lodi. A 1903 aka ba Delamere hayar eka 100,000 a Njoro, kusa da Nakuru, ta shekara 99, a kan fam 200 a shekara. Alhaji, ka yi lissafin da kuɗin da kakanka ya sani: ɗari ɗaya ke nan, rabin kwabo, a kan kowace eka. Girman filin kuwa, ka ɗauka kilomita 20 tsawo, 20 faɗi.

Amma ƙasar ba ta karɓe shi da sauƙi ba. Ya sayo tumaki masu tsada daga ƙetare ya zuba, suka riƙa ramewa suna mutuwa a cikin ciyawa har gwiwa. Masai, ƙabilar makiyayan yankin, sun daɗe da sanin wurin, ba sa zaunar da dabbobinsu a can, shi ne bai tsaya ya tambayi dalili ba. Sai daga baya bincike ya nuna ƙasar ce ba ta da wani sinadari da dabba ke buƙata. Ya kawo shanun Turai, cutar kaska ta kwashe su. Ya juya ga alkama, ya nome sama da eka dubu, tsatsa ta cinye. A nan ne ya yi abin da ko masu ƙinsa ke yaba masa: ya ɗauko masanin iri ya ajiye a gonar, suka yi ta barbarar alkama har suka sami wadda ke jure tsatsa. Dabbobin kuma ya kwashe su zuwa Soysambu da ka gani, wadda ya samu a 1906, ya koma haɗa irin waje da na gida, makiyayansa Masai. Shi ya kafa kamfanin niƙa na Unga, wato gari da Suwahili, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu nono da man shanu ta Kenya a 1925.

Ina kuɗin wannan faɗi-tashi ke fitowa? Gidan gado. Ya jinginar da Vale Royal ya yi ta cin bashi a kai. Gidan ya fita daga hannun zuri'ar daga baya, yau filin wasan golf ne.

Matarsa Florence, 'yar wani basarake ce daga Ailan, sun yi aure a 1899. Daga gidan sarauta ya kawo ta ɗakin laka da jinka, shi yana can da Masai suna hira a bakin wuta, ita ke fama da aladu da kaji. Ta rasu a 1914 ba ta kai 40 ba. Ɗansu ɗaya, Thomas, a Ingila ya tashi. Shi Delamere ya mutu a 1931 yana da shekara 61, bashi har wuya. Turawan can suka sa wa babban titin Nairobi sunansa, suka kafa mutum-mutuminsa. Bayan 'yancin 1963 titin ya koma Kenyatta, mutum-mutumin aka kwashe shi aka kai Soysambu.

Kada kuma a manta shi ne jagoran Turawa 'yan kama-wuri-zauna na kusan shekara 30. Abin da yake nema a fili yake: tuddan nan su zama na farar fata kaɗai, Ba'indiye kada ya mallaki fili a ciki, baƙar fata kuma a matse shi da haraji har ya fito ƙwadago a gonar Bature.

Baban Hafsat (Kawo):

Allah ya gafarta Malam, na gode ƙwarai. Labarin tumakin nan ya taɓa ni. Shekarata ta biyu na rasa 'yan barbara uku, ina ta sayen allura, sai wani dattijon Bafulatani da ke rugar gabas da ni ya leƙo ya ce yaushe rabon da in ba su kanwa. Kunya ta kama ni, da digirina. Ashe ni da Bature jirgi ɗaya ya kwaso mu. Bambancin kawai shi yana da gidan da zai jinginar, ni kuwa fansho ne. Duk da haka mutumin yana da zuciya, a ba shi wannan.

Maman Sadik (Barnawa):

Baba Alhaji, a gafarce ni, zuciya na da sauƙin yi idan an ba ka eka a kan rabin kwabo, kuma idan ka faɗi a fili na farko a ba ka na biyu. Ni aikina ke nan, takardun fili, don haka bari in taɓa rabin tambayar da Malam ya bari.

Filin nan da Delamere ya gani kamar ba kowa, dalili ne ya sa. Annobar bushiya ta farkon shekarun 1890, wadda ta share garken Fulani a nan ƙasar Hausa, ita ce ta share na Masai, ga agana da yunwa sun biyo baya. Mutane ne da ba su gama farfaɗowa ba. A 1904 aka sa shugabanninsu suka dangwala hannu a kan yarjejeniyar barin makiyayarsu ta Naivasha da Nakuru, aka mai da wasunsu Laikipia da alkawarin wurin nasu ne muddin akwai Masai a duniya. Shekara bakwai alkawarin ya yi. A 1911 aka sake tashinsu zuwa kudu don Turawa na son Laikipia. Sun kai ƙara kotu, aka kori ƙarar.

Gwamnan da ya tsaya a kan tashin na 1911 shi ne Percy Girouard. Kun san daga ina aka kai shi can? Daga Zungeru. Shi ya gaji Lugga a Arewa a 1907, injiniyan dogo ne ɗan Kanada, shi ya tayar da aikin layin Baro zuwa Kano, irin aikin da ya jawo su kakan Baba Alhaji. Shi ne kuma ya matsa aka kafa kwamitin filaye na Arewa a 1908, wanda ya haifi dokar 1910. Dokar ta ce duk ƙasar Arewa, da wadda ake nomawa da daji, ƙasar 'yan ƙasa ce, tana hannun Gwamna a matsayin amana, ba mai saye ya mallaka dungurungum, sai dai izinin zama na ƙayyadadden lokaci. Mutum ɗaya, ya toshe ƙofa a nan, ya je can ya buɗe ta. Rigimar Masai ɗin ce ma ta ci kujerarsa a 1912.

Don haka ni ban yarda tausayi ne ya cece mu ba. Lissafi ne. A nan sun tarar da ƙasa cike da manoma, ga sarakuna da hakimai da dagatai, ga tsarin karɓar kuɗin ƙasa da jangali da ya daɗe yana aiki. Turawan mulki 'yan ƙalilan ne, me zai sa su tayar da ƙura su kori manomin da ke biyan haraji? Sai suka bar shi a gonarsa, suka ce harajin da tsabar kuɗi za a biya, suka jira shi a bakin sikeli. Kamfanin auduga na Turawa, BCGA, ya kafa injin gurzar auduga a Zariya yana sa ran Arewa za ta ciyar da masaƙun Ingila. Da jirgi ya isa Kano, manoma suka duba farashi a 1912 suka zaɓi gyaɗa. Sannan ga yanayi. Njoro ta haura mita 2,000 a sama, Kaduna wajen 600. Sauro da tsando da zafin Afrilu ba su bar Bature ya yi sha'awar kawo matarsa da 'ya'yansa ya zauna ba. Ko Lever mai sabulu da ya nemi filin kwakwar manja a kudu hana shi aka yi, ya tafi Kwango.

Dokar nan ba ta mutu ba. Ita ta zama dokar filaye ta Arewa ta 1962, daga nan ta bazu ƙasa duka a dokar 1978. Takardar izinin zama a fili, C of O, da ke cikin durowarka, Baba, jikanyar Girouard ce.

Ɗan Kakuri:

Hajiya kin yi bayani, amma ina da ja. Idan aka ce ba a ƙwace mana ƙasa ba, su wa ake nufi da mu? Garin nan da muke zaune muna rubutu, da aka dawo da hedikwata daga Zungeru a 1917, a kan gonakin wa aka gina bariki da Gidan Gwamna da unguwar Turawa? Ku je ku tambayi dattawan Gbagyi. Maƙwabcina na shago Bagwari ne, yakan nuna min wani wuri cikin gari ya ce nan kushewar kakanninsu take, yanzu gidan mai ne.

Ku hau Jos kuma. Dokar da ta ce ƙasa ta 'yan ƙasa ce ba ta ce abin da ke ƙarƙashinta nasu ba ne. Kamfanonin kuza suka sami lasisi suka farke gonakin Birom, har yau ramukan na nan cike da ruwa. Lokacin yaƙin Hitila, daga 1942, aikin tilas aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza cikin sanyin da ba su saba ba, da yawa ba su dawo ba. Ƙanin kakata na cikinsu. Mu namu Delamere ɗin bai zo da garma ba ne kawai.

Kuma amanar da aka ce tana hannun Gwamna, yanzu da Gwamnan namu ne, ku bi hanyar Abuja ko ta Birnin Gwari ku ƙirga gonakin manya masu shinge da ba a shuka komai a ciki. A Shonga ta jihar Kwara ma ai an kawo manoma Turawa 13 daga Zimbabuwe a 2005, kowanne hekta 1,000.

Tsohon Malamin Tarihi (Unguwar Sarki):

Ɗan Kakuri bai faɗi ƙarya ba. Abin da zan ƙara shi ne tsakin direban Alhaji, don ina jin ba 1903 yake tunawa ba.

Ɗan'uwan Florence, Galbraith Cole, gonarsa na maƙwabtaka da Soysambu. A 1911 ya harbe wani mutum da ya zarga da satar tumaki, bai ma musa ba, masu taya alƙali hukunci, duk Turawa, suka wanke shi. Gwamnati ta kore shi daga ƙasar, bayan 'yan shekaru ya dawo gonarsa. To a 2005, Tom Cholmondeley, tattaɓa-kunnen Delamere, ya harbe wani jami'in kula da namun daji, Bamasaye, a cikin Soysambu. Babban lauyan gwamnati ya janye ƙarar, mutane suka fito suka tare wannan titin da kuka bi. Shekara na zagayowa, a 2006, ya sake harbe wani magini da ya ce ya kama yana farauta a gonar. Wannan karon ya zauna a tsare kusan shekara uku ana shari'a, a 2009 aka same shi da laifin kisa ba da niyya ba, aka yanke masa wata takwas. Ya rasu a 2016 bayan tiyata a asibiti. Gonar dai tana nan, wajen eka 48,000, yanzu har da matsayin wurin kare namun daji. Duk direban da ya kai shekara 35 ya ga shari'ar nan a talabijin.

Baban Hafsat (Kawo):

Na karanta duka, har sau biyu. 'Yata ta Barnawa, ba ki yi min laifi ba, gaskiya kika faɗa, ko da yake har yanzu ina ganin wanda tsatsa ta cinye wa eka dubu ya sake shuka ba ƙaramin mutum ba ne. Na je na buɗe durowar kuwa. Takardar gidana na Kawo shekara 99 aka rubuta a kai, daidai da tasa ta Njoro. Na yi dariya ni kaɗai har uwargida ta leƙo.

Wani abu ne kuma ya faɗo min. Ran da na je ganin filin Birnin Yero, dillalin ya ce min, "Alhaji, ai nan ba kowa, daji ne." Watan Maris ne, ba kowan kuwa. Na biya, mai unguwa ya sa hannu, na ja waya. Sai da ruwa ya sauka aka fara datse min kusurwar gabas, kullum wuri ɗaya, kuma ba a taɓa ɗaukar min ko akuya ba. Shekara huɗu ina zagin ɓarayin waya. Dattijon nan mai maganar kanwa bai taɓa ce min uffan a kai ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ta ina shanunsu ke bi su sauka rafi kafin in zo ba.

Ranar Asabar zan shiga gonar, zan biya ta rugar da goro in ji ko burtali ne na toshe. Maman Sadik, idan ya tabbata burtali ne kuma yana cikin awon da aka yi min, in na ja wayar baya da taku goma sai an sake zanen filin a ofis, ko zan iya bari a haka takardar na nan yadda take?